Ƙuli-ƙuli a Tagar Littattafai

Waɗanda suka san kantinmu na bakin titi a Gaya, lokacin da malaman Toranke da Gafasa ke zuwa a keke suna ɗaukar alli kwali-kwali, ba sa yarda in na ce da taga muka fara. To, da taga muka fara, ni da yayata.

A shekarun nan gyaɗa ta cika garin da kuɗi. Masu hali suna rufa gidajensu da kwano, suna sayen rediyo da sabon keke, amma in ɗansu ya yar da fensir sai an ba direban motar Kano sautu. Abin ya riƙa ba ni haushi, don na ɗan taɓa firamare kafin aure, na san takaicin zama a aji hannu rabbana.

Yaya ba ta taɓa taka ƙofar makarantar boko ba. Sana'arta ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, kuma sunanta ya kai har kasuwar Ajingi. Ita ke da jari, ni ke da surutu, na kuwa dame ta har ta yarda. Maigidanta ya sa aka fasa taga a ɗakin da ke kallon hanyar makaranta, muka rataya labule. Muka jera littattafan rubutu, fensir, rula, kwalaben tawada da ambulan. Mai saye ba ya ganin komai namu sai hannu.

Tun ranar farko muka saɓa. Wata yarinya ta sayi littafi, na miƙa mata, sai Yaya ta dube ni kamar na yi sata.

"Gyaran fa?"

"Wane gyara kuma, Yaya? Littafi ne, ba gero ba. So kike in yago mata shafi daga wani?"

Ita a wurinta duk wanda ya sayi abu sai an ɗora masa ɗan ƙari, kuma mai sayarwar da ba ta yin haka sunanta marowaciya. Ta miƙa hannu cikin kwanonta, ta ɗauko ƙuli-ƙuli guda, ta ɗora a kan littafin. Yarinyar ta tafi tana tsalle.

Kafin mako ya zagayo yaran garin sun tare a tagarmu. Akwai mai yar da fensir da gangan don ya dawo. Na daina ƙorafi, har ina yabon Yaya da wayon kasuwa.

Ashe yaran ba a hanya suke ci ba. Tsakiyar littafin suke cusa shi, don kada abokai su gani su ce a sam musu. Ƙuli-ƙulin Yaya kuwa ba ta matse shi ƙarƙaf, shi ya sa ya fi na kowa daɗi. Man ya bi shafuka, takarda ta yi shara-shara, tawada ta ƙi kamawa. Aka ce in malami ya tara littattafan aji a tebur, sai ka rantse tukubar tsire ce.

Hedimasta ya aiko matarsa. Ta sha ruwa, ta tambayi yara, sannan ta faɗi saƙon tana kallon tabarma: in aka sake ganin littafi mai maiƙo, zai hana 'yan makaranta saye a tagarmu. Su ne kuwa duk cinikinmu.

Tana fita na ce, "Shi ke nan, Yaya, a daina."

"Sai dai a toshe tagar," in ji ta. "Ban taɓa sallamar ɗan mutum haka kawai ba, ba kuwa zan fara da furfurata ba."

"Wace furfura? Guda nawa ce?"

Ba ta yi dariya ba. Na ɗaga murya, ta ɗaga tata. Ta ce boko ya ƙeƙashe mini zuciya, na ce ita kuma taurin kai zai kashe mana sana'a. Na ja mayafina na koma gida. Na yi kuka sosai, don ina son tagar nan, kuma na san Yaya: in ta ce a toshe, har maginin za ta aika a kira.

Muna cikin gabar ta aiko in zo. Na tarar da buta, sabulu da tsumma a gindin taga. Ba ta ko gaishe ni ba.

"Zauna ki gani, 'yar boko."

Yaro ya zo sayen littafi. Ta miƙa masa ƙuli-ƙuli ta ce ya cinye a nan. Ya cinye. Ta ce ya buɗe baki, ya buɗe. Ta zuro buta ta taga ta zuba masa ruwa, ya wanke da sabulu, ya goge, sannan ta yi mini nuni in ba shi littafinsa.

Ciniki ya koma tafiyar hawainiya, layi ya kai har gindin darbejiya. Ni dai hankalina bai kwanta ba, don ba mu ji daga makaranta ba.

Wata safiya yaran suka watse kamar an jefa dutse cikin kaji, suka koma leƙe daga nesa. Na leƙa ta gefen labule, sai ga hedimasta da kansa, da farar riga. Ya yi sallama, ya dubi butar, ya dubi sabulun. Can ya ce a ba shi ambulan.

Na ɗauko da sauri, Yaya ta dafe hannuna. Na yi mata raɗa, "Don girman Allah, Yaya!" Ta ture ni, ta miƙa masa ƙuli-ƙuli.

"Ranka ya daɗe, a nan ake cinyewa."

Ya karɓa. Sai muka ji ƙurus, ƙurus a bayan labule. Da ya gama ya naɗe hannun rigarsa, ya tara tafukansa a ƙarƙashin taga.

"Zuba, Uwargida," in ji shi. "Yara suna kallona."