Sawun Takalmi a Tokar Gidan Madaki

A kakar shekarar da soja suka sauka farar hula suka hau, wata Laraba da hantsi, farar Fijo ta tsaya a ƙofar tsohon gidan Madaki a ƙauyenmu, can bayan Orozo. Ina gindin ɗorawa ina ɓarar gyaɗa. Maza uku suka fito, biyu da manyan riguna, ɗaya da kwat yana riƙe da doguwar sanda mai ja da fari. Ba su yi wa kowa sallama ba, suka hau zaga katanga suna nune-nune. Kakata Iya Kulu ta fito da zani a ƙirji, ta ƙare musu kallo, ta ce da ni, "Baƙon da ya gaida katanga kafin ya gaida mutane, ba zumunci ya kawo shi ba."

Kakan Iya ne ya gina gidan, shi ne Madakin gari a zamanin da ake kawo hari ana kamun mutane. An ce zaure ne bayan zaure, ga rumbunan da ke ciyar da gari duka idan an rufe ƙofar gari saboda mahara. Da Turawa suka mayar da sarautar wani gida, sai jama'a suka watse, gara ta cinye azara, damina ta bi soraye ɗaya bayan ɗaya. Mu dai mun tashi mun tarar da jemagu, da zaure guda mai sauran rufi, da kaburburan Madaki da 'ya'yansa a bayan busasshiyar rijiya. Nan muke wasan ɓuya idan mun dawo daga gonar doya, amma ko mafi rashin ji a cikinmu ba ya taka wajen kaburburan nan.

Ba a jima ba magana ta bazu cewa babban birnin ƙasa zai dawo kusa da mu, kuma duk gidan da ya zama kufai za a auna shi a ba wani. To a al'adarmu, gidan da wuta ba ta mutu a cikinsa ba, ba a kiransa kufai. Sai Iya ta ɗora mini aiki. Ni ban taɓa shiga aji ba. Lokacin da 'ya'yan malamin asibiti ke wucewa makaranta, ni ina ɗauke da garwashi a kasko zuwa zauren, in haɗa kirare, in jingina gungume, in yi ta fifita har hayaƙi ya tashi yadda na kan hanya zai gani.

Wata safiya na tarar an sheƙa wa wutar ruwa. Toka ta jiƙe sharkaf, a tsakiyarta ga sawun takalmi sau-ciki mai zane a tafinsa. Mutanen garinmu kuwa takalmin taya suka sani. Iya ta durƙusa ta daɗe tana kallon sawun. Ba ta yi kururuwa ba, ta dai ce in je in zauna da tallan gyaɗa a ƙofar masallaci ranar Juma'a, in bar kallon fuskoki in dubi abin da aka tuɓe. Na je, na ga irin takalmin har uku, duk sababbi fil: na ɗan mai unguwa, na Baffa Sale ƙanen babana, da na Baba. Na koma na faɗa mata duka, ban rage na kowa ba.

A ranar ta naɗe tabarmarta, ta ɗauki buta da tukunya ta koma zauren da zama. Baba ya bi ta yana cewa, "Iya, rufin nan zai faɗo miki. Me mutane za su ce da mu?" Ta ce, "Su ce uwarka tana gidan ubanta." Daga nan ba ta ƙara cin abincin da ya fito daga gidajen nan uku ba, sai wanda na dafa a gabanta. Damina biyu ta yi tana tara ƙwarya a inda ke yoyo. Farar motar ta dawo, ta ga tsohuwa a bakin murhu, ta juya. Ni kuwa kullum in Baba ya miƙo mini ƙosai, sai idona ya sauka kan ƙafarsa.

Da Iya ta rasu aka binne ta kusa da Madaki. Na ci gaba da kai garwashi, amma wutar yarinya ba ta tsayar da kowa ba. Tun kafin sadakar arba'in katafila ta zo, kuma babu namiji ko ɗaya a danginmu da ya fito ya tare ta.

Yau gidan buga bulo ne a wurin, an malale ƙasar da kankare, inji na ruri tun safe. Masu takalman nan uku duk sun riga mu gidan gaskiya, ba wanda ya amsa cewa shi ya kashe wutar, ban kuma wanke kowa ba. Idan hanya ta bi da ni, nakan tsaya daidai tulin yashi in yi wa na ƙasa sallama, leburori na kallona suna dariya. Su ba su san a kan wa suke tsaye ba.