Hannun Ƙarfe da Ganyen Harawa

Likita ne ya faɗa wa yayana cewa in ya ci gaba da ɗaukar dami a ka, wata rana ƙafafunsa za su ƙi tashi. Yaya ya ce to, irin to ɗin da yake ce wa kowa. Ni kuwa na san kaka na tafe, kuma harawar gonarmu ta Ceberu shi ke kwashe ta tun ban yi wayo ba. Tsoro ya kama ni ƙwarai.

Ina da tsohuwar tarakta mai bokiti a gaba. Bokitin ya hau, ya sauka, ya kife, iyakar iyawarsa ke nan. Sai na sa wani mai walda a Gwandu ya ƙera mini hannun ƙarfe mai yatsu huɗu a samansa, wanda zai riƙa damƙe kaya. Ƙirar ba ta ba ni wuya ba. Abin da zai sa hannun ya buɗe ya rufe shi ya tsufar da ni: sai an ƙara wani bawul, wato makunnin mai, da libarsa, a ja tiyo biyu har gaba, mai ya je ya dawo.

Sau biyar ina zuwa Kalgo a babur saboda bawul ɗin nan. Na farkon da na sayo, bakinsa bai hau tiyo ba. Na biyu ya hau, amma yana yoyo. Ranar da na ɗaura na uku, tiyo ya fashe ya yi mini wanka da mai daga hula har takalmi, matata ta ce a zaure zan tuɓe rigar. Wani tsohon makanike a Kalgo ya juya tiyon ya ce, "Malam, wanga na ban ruwa na, ba shi ɗaukar matsi. Wa yas sayar maka?" Ni kuwa na zaɓe shi da kaina, don ya fi sauran sheƙi.

Na gaji, gajiyar da barci ba ya cirewa. Ko tuwo na ɗebo, warin mai nake ji.

Da aiki ya kammala, muka fita gona da sassafe. A wajenmu lokacin ake naɗe harawa, kafin rana ta busar da ita, a lallaɓa kamar ana naɗe tsohuwar tabarma, domin ganyen shi ne abincin. Na san haka sarai. Mako shida ina kallon ƙarfe, ko sau ɗaya bai faɗo mini a rai ba.

Na zaunar da Yaya a gindin gawo, na ja liba. Hannun ya rufe yadda nake so, ya damƙi harawa ya ɗaga. Ganyen ya zubo ƙasa ya zama gari, aka bar ni da jijiyoyi a sama. Na sake, ina taɓa libar a hankali. Bai sauya komai ba.

"Kashe ta," in ji Yaya. "Mi tumaki za su ci, igiya?"

"Yaya, zauna don Allah, ni zan kwashe."

"Kai ɗai? Rana na hitowa. Ɗauki naka, gona ta ishe mu biyu."

Ya naɗe damin farko, ya murɗe rawaninsa ya yi gammo, ya tsaya yana dubana. Na san in na ƙi, daga ƙasa zai ɗauka shi kaɗai. Na sauko daga tarakta, na kama damin, ni da hannuna na aza masa a ka.