Yadda na raba wa gari guda taken Bawa

Har gobe ban manta da ranar da na kunna aikina na farko a gaban jama'a a Goronyo ba. Ku da kuka zo koyon aiki kuna ganina a kan kujera mai juyawa kuna ce mini Oga, gara ku ji labarin daga bakina, domin idan kuka bari mutanen Rabah suka ba ku, sai sun ƙara masa gishiri, alhali ko babu gishirin ma ya ishe ni.

A lokacin ban daɗe da dawowa daga Sakkwato ba, inda na yi zaman koyon haɗa sauti a wani situdiyo. In faɗa muku gaskiya, rabin zaman shara ce da sayo wa mawaƙa ruwan leda. Duk da haka na dawo Wurno da tsohuwar laftof, da makirfo guda, da laƙabin Injiniya wanda ni na raɗa wa kaina. Na kama shago a bayan kasuwa, na bi masu shayi na tattaro kwalayen ƙwai na manne bango da su don kada sauti ya riƙa amsa-kuwwa. Duk wanda ya leƙo sai ya tambaye ni nawa ne kiret.

Ga wanda bai san sana'ar ba, aikinmu hawa-hawa ne. Da farko a ɗauki sauti yadda ya fito daga bakin mutum ko daga abin kiɗa, shi muke kira ɗanyen ɗauka. Sannan a zuba shi a manhaja a tace, a cire hayaniya, a gyara inda ya karkace. Daga ƙarshe a haɗa murya da kiɗa su zauna daidai. Manhajar tana zana maka sauti a allo kamar kunyoyin gona, nan tudu nan kwari. Ni kuwa a lokacin zanen nan ya tafi da hankalina, har na koma ina sauraron kiɗa da ido.

Wadda ta fara kawo mini aiki na gaske wata dattijuwa ce mai tuyar waina a kusa da tasha, ana ce mata Inna Hajo. 'Yar wani ƙauye ce a ƙasar Rabah, wanda 'yan bindiga suka tasa. Mutanen garin sun watse, wasu a Wurno, wasu a cikin Rabah, da yawa kuma sun gangara Goronyo suna ƙwadagon albasa a gonakin rani. Mijinta Garba shi ne sarkin noman garin, a gonarsa aka kashe shi.

Ta zauna a kan bencina ta dubi kwalayen ƙwai, ba ta ce komai a kansu ba, Allah ya saka mata. Ta ce, "Ɗana, an ce kai ka sa waƙa cikin waya. So nike a ɗauke gangar Labbo tun da sauran ƙarhi gare shi."

Baba Labbo shi ne makaɗin noman garinsu, yana zaune a Rabah wajen 'yarsa. Kun san kowane manomin da ya isa yana da takensa, wato 'yar gajeriyar maganar da ganga ke faɗa dominsa shi kaɗai. Ranar gayya, idan makaɗi ya buga taken mutum, sai ya ɗaga hauya sama ya amsa, ya duƙa aiki kamar ba zai mutu ba. Abin da Inna Hajo ke so shi ne Baba Labbo ya bi manoman garin ɗaya bayan ɗaya, rayayyu da matattu, yana yi wa kowa kirari da baki, ganga tana buga takensa, a raba wa mutane a waya. Garin ya tashi, amma aƙalla a ji sunayensu wuri guda. Na ce mata ta kwantar da hankalinta, ta faɗo hannun gwani.

Bayan girbin gero na ɗaure kaya a babur na tafi Rabah. Na so a kawo Baba Labbo shagona, amma da aka kwatanta masa ɗakin sai ya ce gangarsa ba ta san ɗaki ba. Dole muka shimfiɗa tabarma a tsakar gidan 'yarsa. A bayan katanga akwai injin niƙa, a gefe akwai jakin maƙwabta da bai san ana aiki ba, ga kaji. Na sa abin sauraro a kunne ina ta ɗaure fuska ina ɗaga hannu ana yin shiru, kamar mai tiyata. Can na hango Inna Hajo ta fito da 'yar ƙaramar wayarta mai madannai tana saita ta wajen ganga. Na ce, "Inna, aje wagga wayar, ba ta ɗaukar komi sai iska. Ga injin aiki nan." Ta ce to, ta mayar da hannunta cikin mayafi.

Baba Labbo ya yi kiɗa ran nan har jijiyoyin wuyansa suka miƙe. Mata na ta share hawaye. Ni ko ban ga wannan ba, allo nake kallo ina jin haushin jaki.

Da na dawo Wurno na buɗe aikin, murya ta fita sarai, domin makirfon a bakin tsohon yake. Amma gangar duk ta cuɗe da ƙarar inji da kukan jaki. Na bi zanen daga farko har ƙarshe, sai na tarar da wani ɗan guntu fes, inda injin ya mutu jakin kuma ya huta. Farin ciki ya kama ni. Akwai abin da muke kira luf, wato ka yanko guntun kiɗa ka sa manhaja ta yi ta maimaita shi. A wajen kiɗan zamani haka ake yi kullum, ba laifi ba ne. Na yanko guntun nan na shimfiɗa shi a ƙarƙashin muryar tun daga bisimilla har ƙarshe, sauran gangar na zubar. Zane ya fito reras, kunya ɗaya ba ta fi 'yar'uwarta tsawo ba. Na ƙara masa ɗan amo irin na babban zaure, na jingina da bango ina jin tausayin situdiyoyin Kano.

Kada ku ce ban san ganga na magana ba. Na sani, ɗan ƙasar nan ne ni. Amma a allo duk tudun iri ɗaya ne, kuma ban tsaya na tambayi kowa ba. Sannan laftof ɗin ta yi ta kukan ta cika, ni kuma wani abokina ya turo mini sababbin sautukan fiyano. Na dubi ɗanyen ɗauka mai cike da jaki, na ce wannan me zai ƙara mini, na goge.

Kafin a sa ranar saurare, labari ya zo cewa hawan jini ya kayar da Baba Labbo, hannunsa na dama ya shanye. Na yi jimami, amma a ƙasan raina har da ɗan alfahari, wai Allah ya sa na riga na ceto kiɗan.

An haɗu a Goronyo wajen sunan jikar wani daga cikin mutanen garin, bayan la'asar, domin nan ne mafi yawansu suke. An ɗauko Baba Labbo a mota aka jingina shi da filo. Na yi hayar sifika babba, na sa shadda, na yi ɗan jawabi a kan ci gaban zamani wanda ba wanda ya roƙe ni. Sannan na danna.

Ganga na tashi, sai wani siririn mutum mai jar hula ya zabura daga bayan taro ya ɗaga hannu yana amsawa. Aka yi dariya. Na tambayi na kusa da ni, ya ce ai Bawa ke nan, mutumin kirki ne amma shi da rana ba sa ga-maciji, kullum gayya shi ne mai gadin tulun ruwa a gindin bishiya. Takensa ma na tsokana ne, gangar cewa take, "Bawa, rana ta yi, inuwa na kira." Na yi murmushi, na ce lallai aiki ya karɓu.

Murya ta kira manomi na farko da kirarinsa, ganga ta ce inuwa na kira. Aka dubi juna. Ta kira na biyu, wani ƙaton da aka ce shi kaɗai yake nome gonar mutum uku, ganga ta ce inuwa na kira. Bawa kuwa ya shiga fili yana taka rawa, bai taɓa samun rana irin wannan ba. Dariya ta ɓarke har da masu riƙe ciki. Ƙaton nan ya waiwayo ya ce, "Injiniya, mu duka Bawa munka koma?" A nan ne na gane abin da na yi, kuma na san sunan da ke tafe.

Na kai hannu zan tsayar, ban kai ba muryar tsohon ta rangaɗa, "Garba sarkin noma!" Ganga ta ce inuwa na kira.

Dariyar ta ɗauke gaba ɗaya. Bawa da kansa ya tsaya da ƙafa ɗaya a sama, ya sulale ya zauna. Inna Hajo ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Kashe, ɗana." Na kashe. Ta ce, "Garba bai taɓa zama inuwa ba rana na bisa. Ko ran da anka kashe shi, duƙe shike. Mi yay yi maka?"

Ban taɓa jin kunya irin ta ran nan ba, kuma ba na fatan in sake. Baba Labbo ya yafito ni da hannun hagu, ya tambaye ni da kyar ina sauran kiɗan da ya yi. Na ce na goge. Bai zage ni ba, da ma ya zage ni. Hannunsa na dama kawai ya duba, yana kwance a cinyarsa.

Washegari na kira maigidana na situdiyon Sakkwato ko akwai dabarar dawo da abin da aka goge. Ya tambaya ko na zuba wani abu a kai. Na ce sautukan fiyano. Ya ce to ya tafi ke nan, sannan ya ce dokar farko a sana'ar nan ita ce ba a goge ɗanye, kuma ya tabbata ya koyar da ita, sai dai idan ranar an aike ni sayo ruwa.

Na rufe shago na koma taya babana zama a rumfar yadi, ina canza hanya don kada in bi ta tasha. Ana nan sai ga Inna Hajo har rumfar. Na miƙe ina haɗa kalmomin ban-haƙuri, sai na ga ita ma tana sunkuyar da kai. Ta ciro 'yar wayar nan ta ce lasifikarta ta mutu, kuma akwai abin da take tsoron ya ɓace a ciki. Wai in yafe mata, ran nan da na ce ta ajiye, ba ta kashe ba, a cikin mayafi ta bar ta tana ɗauka. Ita ke ba ni haƙuri, jama'a.

Sautin ya yi muni iya muni. A toshe yake, ga shafar mayafi, ga inji, ga jakin nan daram. Amma kowane take yana wurinsa. A nan na fara koyon aikin da nake ci da shi yau. Na rufe ido na bar allo, na rage ƙarar injin kaɗan-kaɗan iya inda ba za ta ci gangar ba, na ɗora tsabtatacciyar muryar da ke hannuna a kai. Duk guntun da na gama sai in hau babur zuwa Rabah in kunna wa Baba Labbo, in ya gyaɗa kai in wuce, in ya girgiza in dawo. Jakin na bar shi, domin duk inda na cire shi sai ya tafi da rabin taken wani.

Da na iso taken Garba, sai na ji wani abu da makirfona mai tsada bai kama ba. Daidai inda ganga ta gama kiransa, akwai muryar mace ƙasa-ƙasa, dab da wayar, ta ce, "Na'am." Da can ne da tuni na yanke ta a matsayin hayaniya. Wannan karon na ɗauki laftof na tafi wajen tuyar waina, na sa mata abin sauraro a kunne, na tambaye ta ko in cire.

Ta daɗe tana saurare, wainar na ƙonewa a tanda. Ta ce, "Bar shi. An kira shi, ba shi nan. Wani ya kamata shi amsa."

Wannan shi ne kiɗan da ke yawo a wayoyin mutanen garin har yau, da jakinsa da komai. Nawa mai amon babban zaure kuwa mutum ɗaya ne ya nema, Bawa, ya sa shi ƙarar shigowar kira, kuma duk inda muka haɗu sai ya gaya wa mutane ba a taɓa yin injiniya kamata ba.

Shi ya sa kuke ganin ina faɗa idan wani ya kai hannu zai goge ɗanyen ɗauka, ko da tari ne a ciki. Manhaja ta san ƙara, amma ba ta san na wane ne ba. Mutanen da ke kawo mana aiki ba sauti suke kawowa ba, wani nasu suke kawowa. Kafin ku yanke komai, ku tashi daga kujerar nan ku je ku tambayi mai shi.