Sunaye Tara a Shafin Ƙarshe

Kakata ta wajen uwa malamar mata ce. Ba ta da makaranta, tabarma ce a tsakar gida sai gafakar fata. A cikin gafakar akwai waƙoƙin wa'azi da ajami, tun na zamanin da malamai suka tashi gyaran addini da zaman jama'a, suna aika wa juna littattafai daga Agadas zuwa Gobir zuwa Katsina. Mata ma suna da tasu hanyar. Wata ta yi karatu wajen wata, ta kwafe takardun, ta tafi garinsu ta koya wa matan can cewa neman ilimi da gado haƙƙinsu ne. A shafin ƙarshe kowace ta sa sunanta a ƙarƙashin na malamarta. Na sha ƙirga layukan da yatsa. Tara ne, kakata ce ta tara.

Ƙirgawa kawai na iya. Boko na yi, tsohon rubutun nan kuwa ko harafi uku ban haɗawa. Gafakar ta biyo ni Manchester, ta yi shekaru a saman kabad a flat ɗinmu na Rusholme, ni kuma ina aikin kula da tsofaffi, kullum in dawo ƙafafu a kumbure.

'Yata ce ta tayar da maganar. Tarihi take karantawa a uni, wato jami'a, ta dawo hutu ta cika mini kunne da wane ya yi karatu wajen wane, wane ya rubuta wa wane wasiƙa. Duk maza. Haushi ya kama ni, na sauko da gafakar na ce ga na kakanninki mata. Yarinya ta rikice, ta zaro waya za ta ɗauki hoto. Na buge hannun. Takardun da sai da alwala ake taɓawa, a sa su a wayar da ake shiga bayi da ita? Ta yi magiya har ta gaji. Wallahi wannan taurin kan nawa har yau yana ci mini rai.

A Lozells, can Birmingham, akwai wata Hajiya tsohuwa da ke karantar da mata a falonta, ta iya tsohon ajami. Na hau mota na kai mata. Ta daɗe tana shafa takardun. Ta ce in bar mata su, idonta ya yi rauni sai ta bi a hankali, in dawo ta karanta mini sunayen ɗaya bayan ɗaya.

"Ba ta waya ba, 'yata," in ji ta. "Wannan a zaune ake karɓarsa, gwiwa da gwiwa."

Ban koma ba. Yau aiki, gobe ciwon baya, jibi an canza mini ranar hutu. Kunya kuma ta hana ni bugawa in tambaya, don ba a ba malami aron littafi a riƙa yi masa tuni. Kusan shekara ina cewa sati mai zuwa, sai ga saƙon rasuwarta.

Ko da na je ta'aziyya ban tayar da zancen takardun ba. Mutane na kuka, ni in ce ina kayana? Sai bayan arba'in na sake komawa. Na tarar da babbar 'yarta, haifaffiyar nan Ingila, tana ɗaure kwalaye saboda council, hukumar garin da ta ba su haya, za ta karɓi gidan. Ta gane ni, ta shiga ciki ta fito da gafakar. Tun kafin in karɓa na ga ba nauyi.

Da Hausarta mai tsalle-tsalle ta yi mini bayani. Ta ji tsoron kada rubutun da ke da sunan Allah ya ƙare a bola, sai ta tattara duk abin da ta gani da harafin Larabci ta kai masallaci. Su kuma tsofaffin takardu naɗe su suke yi a farin ƙyalle su binne a maƙabarta. An riga an binne. Tana faɗa tana kallona, tana jiran in sa mata albarka. Na sa mata. Me zan ce? Abin da uwarta ta koya mata ta yi.

Da na dawo gida 'yata ba ta yi mini gori ba, da ma ta yi da na ji sauƙi. Ta ɗauko biro da takarda ta zauna a ƙasa gabana.

"Mama, takwas sun tafi. Ki ba ni na kakarki, mu fara daga nan."

Na shiga laluben sunan a raina. Inna muke ce mata. Duk unguwa Inna Malama. Mahaifiyata har ta koma ga Allah ba ta taɓa kama sunan uwarta ba, ni kuma ban taɓa tambaya ba, tunda na san yana nan a rubuce.

"Ban sani ba," na ce.