Goggo Zinariya da Katin Jannat

Ku kuma da kuke ta inbait, inbait, kun ma san me ake nufi da shi? Ku tambayi Goggo Zinariya, ita ta koye shi a bakin ƙofa, rana tsaka, da sabon leshi a jikinta.

Shekara talatin ita ce bakin unguwar New Bell. Suna, aure, walima, ita ake aikawa. Goro da minti a kwano, silifas ɗinta ya cinye ta gefe ɗaya, ta yi sallama ta ce, "Ana gayya, ki zo da kowa naki." Boko ko alif ba ta sani ba, amma ba gidan da take tsallakewa.

Sai ga bikin Jannat, 'yar ƙaninta, mai aikin ofis a unguwar Bassa, wadda Faransanci ma ya yi mata kaɗan, sai da ta buga kati da Turanci. Ta miƙa wa Goggo. "Goggo, inbait ne. Kowa da sunansa a jiki."

Goggo ta ce, "To, 'yar nan. Gayya ce dai ko?"

"Kusan haka."

Kusan! Ta sa aka karanta mata sunaye, ta raba tsaf. Amma baki ya saba. Duk inda ta ajiye kati sai ta ƙara nata: ki zo da kowa naki. Har Youpwé ta hau benskin, wato acaɓa, ta gayyato ƙawayenta masu kifi. Katin kanta kuwa ta ba wata maƙwabciya, wai mai gayya ba a tambayarta takarda.

Ranar bikin, a wani hol a Ndogbong, mata sun fi arba'in a waje, ga lalle, ga goyo, ga zufa. Mai gadi ƙato ya tare ƙofa, yana neman kati da Faransanci. "Biye, madam."

"Ni ce Zinariya fa."

"Biye."

Aka kira Jannat. Ta leƙo, ko matakala ba ta sauko ba. "Goggo, inbait suna ɗaya ne, kujera ɗaya. Wa ya ce ki kwaso min kasuwa?" Ta toshe hanci da mayafi, ta koma.

Wallahi ba Jannat matan suka zaga ba. Umma mai kifi ce ta fara: "Ke da ko ke ba a so, mu kika jawo mu sha rana? Tsohuwar banza!" Wata ta watsa mata mintinta a ƙirji. Goggo ta sunkuya tana tsincewa, tana cewa ku yi haƙuri, yanzu za a buɗe. Har aka tashi ba a buɗe ba.

Yanzu ba mai aikenta. In ta yi sallama, daga ciki ake cewa, "Goggo, wannan ta gaske ce ko irin ta Ndogbong?" A kwashe da dariya. Ita ma ta taya su, da haƙoranta huɗu.

Ke da kika shige ta gabanta da katinki a hannu, kika zauna kika ci kaza, kin ce wa mai gadi kin santa?