Ni Na Toshe wa Baba Sale Iska

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safen nan ina kan layin lodi a Yanbu, ko shayi ban kurɓa ba, Ummu Faisal ta kira ni daga Madina ta ce Baba Sale ya rasu.

Ummu Faisal maƙwabciyarsa ce, Bahaushiya haifaffiyar nan. Ta ce ba a gan shi a sallar Asuba ba, gari ya waye ƙofarsa a rufe, aka yi ta bugu shiru, sai aka ɓalle. Yana kwance cikin bargonsa kamar mai barci, kaskon gawayi a gefen katifa ya zama toka. Likita ya ce iskar gawayin ce ta kashe shi, don ɗakin ba ta inda take fita.

Na kashe wayar na zauna a matakalar tirela.

Na san dalilin da ya sa ba ta inda iska ke fita. Ni na toshe, da hannuna, sati biyu da suka wuce.

Duk wanda ya daɗe a wajen unguwannin Ƙuba da Ranuna a Madina ya san Baba Sale mai tsire. Mutumin Maraɗi ne, ya shigo ƙasar nan tun ba a haife ni ba. Lokacin da na zo, kamfanin da ya kawo ni ya ajiye mu wata da watanni ba aiki. Ƙamshi ne ya ja ni teburinsa, na tsaya ina kallo kamar maraya. Ya dube ni sau ɗaya ya ce, "Ɗan Najeriya, wanke hannu ka zo ka jera nama. Kallo ba shi cika ciki."

A wurinsa na koyi yanka, na koyi haɗa yaji da ƙuli. Kullum sai ya ce hannuna ya fi bakina hankali, ni kuma in ce ai Katsina ce ta haifi Maraɗi, ya girmama ni. Ba a taɓa tashi daga teburin nan bai naɗe mini tsinke biyu a takarda ba, wai na gobe da safe.

Daga baya abubuwa suka rufe masa ɗaya bayan ɗaya. Kafilinsa, wanda ya tsaya masa a wurin hukuma, ya rasu, ba wanda ya sabunta masa iƙama, wato takardar izinin zama, ta mutu. Aka hana sana'a a bakin titi. Gwiwa ta ƙi, ido ya fara hazo. Aiki ba hali, asibiti sai da fargaba.

Na sha ce masa ya haƙura ya koma gida. Wata rana ya gaji da ni ya ce, "Lawali, in na fita ba ni dawowa. Kuma wa zan iske can? Waɗanda sunka san ni duk suna ƙasa. Bar ni nan kusa da Manzo."

Ni ma ba zan iya ɗaukarsa ba. Gidan kamfani nake, mu shida a ɗaki, ko baƙon yini ba a yarda da shi.

Mutanen gida ba sa yarda in ka ce ana sanyi a Madina. Ana yi, mai shiga ƙashi, ga ɗakunan siminti da ke riƙe shi kamar firij. Da lokacin ya kama, wata ƙungiyar agaji ta fara rabon barguna da daffaya, wato hita, ga tsofaffi marasa ƙarfi. Ummu Faisal ta zauna da wayarta ta cika masa fom har sau uku. Duk sanda ta zo gurbin lambar iƙama sai abin ya yi ja ya tsaya. Ba wanda ya kore shi, ba wanda ya yi masa wulaƙanci. Fom ne kawai bai san da shi ba.

Sai ta ɗauko tsohuwar daffayar mahaifiyarta ta kai masa. Ya yi godiya har da hawaye, ya ajiye ta a kwalinta, bai taɓa jona ta ba. Gidan nasu mita ɗaya ce ga ɗakuna duka, sauran kuma leburori ne, bara har rigima aka yi kan kuɗin wuta. Ta yi ta fama da shi, "Ya ammi, halas, ya isa haka, ka kunna, ni zan yi musu magana." Ya ce a'a, shi ba zai ji ɗumi da gumin 'ya'yan mutane ba.

Wannan taurin kan nasa ya sha ba ni haushi. Yau ma yana ba ni, Allah ya gafarta mini.

Ganinmu na ƙarshe ranar wata Juma'a ce, bayan an sauko. Na same shi da jallabiya biyu da wata tsohuwar jaket, ya naɗe kai da tawul, yana rawar ɗari. A bango akwai ramin da aka cire mataccen mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, ya rataya tsohuwar darduma a kai, iska tana ɗaga ta tana shigowa yadda ta ga dama.

Raina ya ɓaci. Na fita na samo katako da gam, na rufe ramin ruf, na bi gefe-gefe na liƙe. Na ga ƙasan ƙofa ma da sarari, na buga masa roba. Na tsaya ina yaba aikina. Har hoto na ɗauka na sa a status, wasunku ma kun yi mini sambarka.

Na ga kaskon a lungu. Wallahi na gan shi. Na ce, "Baba, wannan fa?"

Ya yi dariya ya ce, "Ni za a koya wa wuta? Shekara nawa ina tsaye kanta?"

Ni ma na yi dariya. Kakata a ƙauyenmu da kasko take kwana duk sanyi har ta tsufa, ba abin da ya same ta. Ban tuna cewa ɗakinta rufin ciyawa ne ba, ƙofarta kuma asabari. Shi ma bai tuna cewa wutar da ya sani duk a fili yake hura ta ba. Mu biyu, manya da mu, ba wanda ya kawo wannan a ransa.

Da zan tafi ya riƙe hannuna ya ce, "Allah shi rufa maka asiri yadda ka rufe min ramin ga." Na ce amin, na kama hanya ina jin daɗi.

Yanzu ga ni a Yanbu, shugaban aikinmu ya ce ba inda za ni sai na sauke lodin da aka rubuta mini. Gawar Baba kuma tana asibiti, ana jiran takardar da za ta ba da izinin binne shi, Ummu Faisal ce ke ta zirga-zirga. Ina tsoron a yi masa sallah ba ni.

Ta gaya mini akwai wani tsoho a gidan da ke bayansu, shi ma da kasko yake kwana. Ta je ɗazu ta roƙe shi ya riƙa barin taga a buɗe. Ya ce mata, "To sanyin fa, 'yata?"

Abin da na sani kawai, in akwai tsoho kusa da ku, kada ku tsaya a gaisuwar bakin ƙofa. Ku shiga, ku ga da me yake jin ɗumi. In kuna da hali ku ɗauke masa nauyin wutar, ku jona hitar da hannunku, don da yawansu kunya ba za ta bar su su tambaya ba.

Ya Allah ka jiƙan Baba Sale, ka yafe masa, ka yalwata masa kabarinsa. Ka ba shi makwanci a garin da ya ƙi bari, ka tashe shi cikin maƙwabtan Manzonka, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi.

Don Allah duk wanda ya karanta ya yi masa addu'a, ko da Ƙulhuwallahu ɗaya ce. Ni ma ku sa ni a ciki. Ya tafi yana ganin alheri na yi masa, ku taya ni roƙon Allah ya karɓa a haka.