Gonar Kaka a Ƙarƙashin Ruwa

Kakata ta daɗe tana son ta je inda gonar cittarta take, wadda ruwan dam ɗin Gurara ya shanye tun ina ƙarama. Wani ƙarshen damina na ɗauko ta daga Kafanchan, muka kwana a hanya, da sassafe muka hau kwalekwale mai inji. Yayana, wanda ya san tsohon ƙauyen, ya riga ya sa mini alamar wurin a taswirar waya.

Hazo ya kwanta a kan ruwa fari fat. Da farko ɗigon da ke nuna inda muke a taswirar yana tafiya lafiya lau. Muna kaiwa tsakiya sai ya yi tsalle ya ɗora mu kan tsauni. Can kuma ya ajiye mu a kasuwar Kagarko.

Mai jirgin ya duba tasa wayar, ya kashe inji.

"Abin ya sake tashi," in ji shi. "An ce wata na'ura ce a bayan duwatsun can take danne saƙon tauraron ɗan'adam. Kwanan baya masunta sun rasa inda suka dasa raga. In muka matsa a haka, sai mu hau kututture."

Muka tsaya. Babu gaɓa, babu sama, sai jirgin yana juyawa a hankali. Ni tsoro ya kama ni. Kaka kuwa ta zura hannu cikin ruwa har gwiwar hannu.

"Jikata, wayan ya ce muna ina?"

"Kasuwa, Kaka."

Ta yi dariya. "To, sayo mini gishiri."

Daga nan ta fara nuna ƙasan ruwa tana faɗa mana: nan ɗorawa take, nan rijiya, nan kakana ya fara yi mata magana tana tonon citta. Ta ɗauko wata waƙar coci da yarenmu, ƙasa-ƙasa. Na leƙa, har na ga kamar ganye yana kaɗawa a can ciki.

Da rana ta ɗaga, hazo ya yaye, ɗigon ya dawo hayyacinsa. Ashe muna nesa da alamar sosai. Na ce ko mu ƙarasa.

"Bari," in ji ta. "Yunwa nake ji."

Mai jirgin ya tada inji. Kafin mu kai gaɓa ta yi barci a kafaɗata, hannun rigarta jiƙe sharkaf.